Abin da Takarda Ba Ta Faɗa wa Ɗan Aike Ba

Garma da fartanya ba su taɓa zuwa da takarda ba. Maƙerin da ya ƙera su ɗan gari ne, ya san ƙasar da za su shiga, jigawa ce ko lakar fadama, ya kuma san ƙarfin damtsen mai riƙe ƙotar. Yaro yakan tashi a gandu yana bin bayan ubansa cikin kunya, kafin ya isa aure hannunsa ya san yadda ake karkata garma ta kife ciyawa ba ta taɓa saiwar dawa ba. In bakin ƙarfen bai yi ba, a koma maƙera a faɗa baki da baki, a mai da shi wuta. Haka kakanninmu suka yi noma a ƙasar Danja da Bakori da Maska, mai ƙera kayan aiki da mai aiki da shi suna sahu ɗaya a masallaci.

Auduga ce ta kawo mana takarda. Ba Bature ya koya mana nomanta ba, tun kafin zuwansa kudancin Katsina da arewacin Zazzau ke ciyar da masaƙa da marina, sunan Maska ma ya yi nisa a harkar tufafi. Abin da ya canja shi ne mai saye da irin da yake so. A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a birnin Manchesta, wadda aka sani da BCGA. Wajen 1912 aka shigo da irin Allen, ɗan asalin Amurka, aka fara yaɗa shi daga Zariya. A 1922 aka buɗe tashar binciken noma a Samaru, cikin shekarun nan kuma aka kafa gonar iri a Daudawa, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Faskari. Layin dogo ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙaura Namoda a 1929, aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Garmar shanun nan Emcot da har gobe ake huɗa da ita a gonakinmu, ita ma wannan harka ta biyo daga Ingila.

Duk kayan nan an yi su a wuri mai nisa, wanda ya yi su kuma ba zai taɓa taka gonar da za a yi aiki da su ba. Sai aka buƙaci abu biyu da ba mu saba da su ba, rubutaccen bayani da mutumin da zai ɗauko shi ya kawo gona. Mutumin nan shi ne malamin gona. Shi ke raba iri, shi ke faɗar lokacin shuka da tazarar rami, shi ke tuna wa dagaci a tuge karan auduga a ƙona bayan tsinka don kada tsutsa ta laɓe ciki ta kai baɗi. Ɗan aike ne, kuma saninsa game da sabon abu bai wuce abin da aka rubuta masa ba. Tarihinsa ya dame ni ne saboda sana'ata. Aikina yau duba manhajojin kwamfuta, a cikinsa kuma na sake haɗuwa da ɗan aike mai irin wannan matsala, sai dai shi ba mutum ba ne.

Da tafiya ta yi tafiya takardun suka yawaita. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA a Zariya ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, ta lardin Katsina sunanta Himma. A 1963 aka kafa sashe a Samaru da aikinsa shi ne juya sakamakon bincike ya koma bayanin da malamin gona zai iya ɗauka, shi ne ya girma ya zama NAERLS ta yau. Ma'aunin takarda mai kyau a wancan zamani biyu ne: abin da ta faɗa ya tabbata a filin gwaji, Hausarta kuma ta karantu. Ban raina ko ɗaya ba, mutanen da suka yi aikin nan sun yi shi da zuciya ɗaya. Amma in aka kai takarda ƙauye manomi bai bi ba, laifin a kansa yake sauka, a ce taurin kai ne ko duhun kai, in an sassauta masa a ce malamin gona ne bai yi bayani sosai ba. Takardar kanta ba a tuhumarta.

A Daudawa aka tuhume ta. Wani masanin tattalin arzikin noma ɗan Ingila, David Norman, ya zo Samaru a 1965. Shi da ma'aikatansa suka zaunar da masu rubutu a ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta aikin kowane gida a kai a kai har shekara ta zagayo. Suka gano cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, abin da takardu suka daɗe suna hanawa, lissafi ne mai kyau: yana biyan wahalar leburanci a watannin da hannu ya fi ƙaranci, kuma in ɗaya ya ƙi ɗaya zai yi. A farkon shekarun 1970 shi da masu binciken auduga suka ɗauki shawarar noman auduga kamar yadda take a rubuce suka kai wa manoman Daudawa, suka tsaya suna kallon abin da zai faru da ita a hannunsu.

Shawarar ta ce a shuka auduga a tsakiyar Yuni, ita kaɗai a gona, a sa taki, in ta fara fure a riƙa feshi mako-mako. A filin Samaru haka aka yi, amfanin kuma ya ninka na manomi. Babu ƙarya a ciki. To amma duk wanda ya tashi a gidan noma ya san mene ne tsakiyar Yuni. Lokacin noman fari ne, ciyawa ta taso wa gero da dawa gaba ɗaya, rumbu ya yi ƙasa, hannuwan da ke gidan su ke nan. Maigida ba zai bar abincin iyalinsa ciyawa ta cinye ba ya tafi shukar abin da kuɗinsa sai kaka ta wuce. Shi ya sa yake shuka auduga a Yuli, sau da yawa ma a tsakanin kunyoyin gero. Sai kuma maganar feshi. Famfon goyo na lokacin yana shan ruwa mai yawan gaske, gonar auduga kuwa ba lalle tana bakin rafi ba. Takarda ta faɗi yawan magani da yawan ruwa, ba ta tambayi wanda zai ɗebo ruwan a ka ba, ko daga ina, ko sau nawa a mako. Bayan wannan bincike hankalin Samaru ya karkata ga neman shawarar da za ta dace da audugar Yuli, aka kuma fara kawo ɗan injin feshi mai batir, mai faifai da ke juyawa yana watsa magani ba tare da an goya ruwa ba.

A ganina ba a taɓa yin abin da ya fi wannan muhimmanci ba a tarihin ba da shawarar noma a ƙasarmu. An ɗauki bayani da kowane masani ya yarda daidai ne, aka ce ba za a yanke masa hukunci ba sai an ga abin da mai aiki ya yi da shi a ranar aiki, da gajiyarsa da ƙarancin lokacinsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A 1975 aka buɗe Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa da bashin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Muna Jihar Arewa ta Tsakiya a lokacin, shekara ɗaya kafin ta koma Jihar Kaduna, shekara 12 kafin a yanke Katsina. Shirin ya haɗa ƙasar Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, Danja na ciki. An yi hanyoyin karkara da madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da taki da iri. Masara, wadda a da ake shukawa a bayan gida a gasa a ci ɗanya, ta zama amfanin kasuwa da irin TZB na cibiyar IITA ta Ibadan. An soki shirin cewa manyan manoma ya fi yi wa hidima, gwamna Balarabe Musa ma ya ja da Bankin Duniya kan sharuɗɗan faɗaɗa shi. Wannan magana ce mai tsawo ta wani lokaci.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, malamin gona ne a shekarun nan, daga bakinsa na ji yadda aikin yake. Ƙasar ba ta daɗe da sauya ma'auni ba, fam da sule sun koma naira da kwabo a 1973, eka ta koma hekta, takardun taki duk suka zo da kilo kaza a hekta. Manomi ba shi da sikeli, bai kuma taɓa auna gonarsa da igiya ba. Sai Kawu ya riƙa yawo da kwalin ashana da murfin kwalbar lemo a aljihu, da sanda da ya yanke daidai tazarar rami. Ya ce mini farkon zuwan yuriya yakan ce a zuba kusa da masara, sai ya dawo bayan kwanaki ya tarar an zuba a jikin gindin, ganye ya ƙone.

Na ce, "Kawu, ai sun ce sun gane."

Ya ce, "Ɗana, manomi zai ce ya gane don kada ya ba ka kunya a gaban mutane. In ka gama magana miƙa masa buhun, ka koma gindin bishiya ka yi shiru ka dubi hannunsa."

"In ya yi ba daidai ba fa?"

"To a ƙauye na gaba ba haka zan faɗa ba. Daga ranar na daina cewa kusa. Sai in ce yatsu huɗu daga gindi, a tona, a zuba murfi ɗaya, a rufe da ƙafa."

A shekarun 1980 aka shigo da tsarin horo da ziyara na Daniel Benor, inda ake tara malaman gona duk mako biyu a koya musu saƙon da za su kai, su kuma yi ɗan filin gwaji a gefen gonar manomi don ido ya gani. Ƙungiyar Sasakawa ta zo Najeriya a 1992 ta ƙara jaddada tazara da ƙwaya ɗaya a rami. Amma tun 1986 da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona harkar ta fara sanyi. Kuɗin Bankin Duniya ya ƙare, babura suka tsufa, malaman gona suka yi ta ritaya ba a cike gurbinsu ba, har aka wayi gari malami ɗaya ke da dubban manoma.

Kayan aikin kuwa ba su daina zuwa ba, ƙaruwa suka yi. Yau a Danja, daga masara da waken suya zuwa rake da tumatirin rani, da wuya ka sami gonar da ba a yi wa feshi ba. Maganin ciyawa ya karɓe rabin aikin fartanya. Ɗan aiken yanzu shi ne saurayin nan mai famfo da ake biya kuɗin feshi, malaminsa kuma takardar da ke manne a jikin gora, in an yi sa'a da ɗan abin da mai shago ya faɗa masa a tsaye.

Ɗauki gora ɗaya ka duba da kyau. Sunan maganin da manyan baƙaƙe, da hoton ciyawa ko ƙwaro. A ƙasa akwai zirin launi, ja ko rawaya ko shuɗi ko kore, mai nuna ƙarfin gubar, da ƙananan zane-zane na safar hannu da takalmi da abin rufe hanci. Bayanin da Turanci, wani lokaci har da Faransanci, da rubutun da sai ka kai shi kusa da ido. Mu ce ya ce lita 4 a hekta, cikin ruwa lita 200 zuwa 400. Mai feshi ba ya aiki da hekta, da famfo yake aiki. In famfonsa lita 20 ne kuma yana da saurin tafiya, famfo 10 zai gama hekta, ke nan kowane famfo mililita 400. In mai nawa ne ko bakin famfonsa ya buɗe, zai sha famfo 20, ke nan mililita 200. Ɗaya rabin ɗaya ne, kuma babu inda takarda ta yi masa wannan lissafi. Sai ya koma ga gwangwanin madara, ɗaya ko biyu a famfo, yadda ya ga ana yi. Wani maganin yana ƙona ciyawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wani kuwa sai ya bi jiki ya sauka saiwa, mako guda ko fiye kafin ganye ya yi rawaya. In ba a gaya wa mutum abin da zai gani bayan feshi ba, rana ta uku zai ce maganin jabu ne ya sake sayen wata gora. Layin da ya fi kowane muhimmanci, wato kwana nawa za a jira tsakanin feshi da tsinka, shi ne ya fi ɓuya.

Mun biya kuɗin wannan giɓi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. A 2016 tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta share gonaki a Kano da Kaduna da Katsina, har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tsutsar a cikin ganye take zama, feshi bai cika kai mata ba, ta kuma saba da magunguna da yawa. Na ga masu lambu a fadamunmu suna haɗa gora uku a famfo ɗaya, suna feshi safe da yamma, domin babu takardar da ta ce musu wannan maganin ba na wannan ƙwaron ba ne, kada ku ɓata kuɗinku. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni.

Yanzu ga ɗan aike na uku. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Claude da Gemini da farko magana kawai suke yi, ka tambaya su amsa. A Yunin 2023 kamfanin OpenAI ya buɗe hanyar da manhajar za ta iya kiran wata manhaja ta yi mata aiki, ta duba hasashen yanayi, ta yi lissafi, ta aika saƙo, ta yi odar kaya. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida mai suna MCP don kowa ya iya jona kayan aikinsa ta hanya ɗaya, kafin shekara ta zagayo kayan da aka jona sun kai dubbai. Ga kowane kayan aiki, wanda ya gina shi yana rubuta abu uku: suna, 'yan layukan da ke faɗar abin da yake yi, da guraben da za a cike kafin ya yi aiki. Ɗan aiken na'ura ba ya ganin cikin kayan. Waɗannan layuka kaɗai yake karantawa ya yanke shawarar wanne zai ɗauka, yaushe, da me zai zuba a kowane gurbi. Matsayinsa ɗaya da mai famfo riƙe da gora.

An taɓa kawo mini wata manhajar shawarar noma in duba. A cikinta akwai kayan lissafin taki, bayaninsa layi ɗaya: yana lissafa takin da gona ke buƙata. Gurabensa biyu, amfanin gona da girman gona. Babu inda aka ce girman da wane ma'auni. Na rubuta mata yadda mutumin Tandama ko Kahutu zai faɗa, na ce ina da eka biyar zan sa masara, buhu nawa na kamfa zan saya. Ɗan aiken ya zuba 5 a gurbi. Kayan lissafin da hekta aka gina shi, a kan shawarar nan da aka saba ta buhu 8 na kamfa a hekta, sai ya dawo da buhu 40. Eka biyar kuwa hekta biyu ce da ɗan ɗoriya, buhu 16 ke nan. Amsar ta fito da Hausa mai daɗi, da sallama da fatan damina mai albarka, babu alamar shakka ko ɗaya. Masu manhajar suka ce na'urar ce ba ta da wayo, a sauya wata. Aka ƙara layi biyu a bayanin, cewa girman gona da hekta ake so, in an faɗi eka a raba da 2.47, in kuma ba a faɗi ma'auni ba a tambayi mai gonar kafin a yi lissafi. Na'urar nan dai, ba a taɓa ta ba, ta fara amsawa daidai.

Masu wannan sana'a suna da hanya biyu ta auna bayanin kayan aiki. Ta farko a karanta shi a ba shi maki: ya faɗi abin da kayan ke yi, ya faɗi lokacin da ba a amfani da shi, ya bayyana kowane gurbi da ma'auninsa, ya faɗi irin amsar da za ta dawo da abin da za a yi in ta zo da kuskure. Har akan sa wata na'urar ta yi makin. Yana da amfani, yana kama giɓi irin na eka da hekta tun kafin a fita. Amma hanyar ofis ce, irin wadda da ita aka auna takardar auduga da ta ci maki cikakke.

Ta biyu ita ce ta Daudawa, a ba ɗan aike ayyuka na gaske a zauna a duba sawunsa. A 2024 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fitar da wani gwaji na kiran kayan aiki, wanda a ciki har da tambayoyin da babu kayan da ya dace da su, don a ga ko na'ura za ta iya kame hannunta. A shekarar dai kamfanin Sierra ya fitar da wani gwajin da ke kwaikwayon hidimar masu sayayya da fasinjojin jirgin sama, ya kuma ƙara da maimaita aiki ɗaya sau da yawa. Na'urar da ta fi ƙarfi a lokacin ba ta ci rabin ayyukan ba, da aka nemi ta ci aiki ɗaya sau 8 a jere kuwa, a ɓangaren sayayya ba ta kai kashi 25 cikin 100 ba. Anthropic ma sun ba da labarin cewa a wani aikinsu na gyaran manhaja sun fi ɓata lokaci kan gyara kayan aikin da bayaninsu fiye da babban umarnin da suka ba na'urar. Tana ɓata wajen nemo fayil in an ba ta gajeren adireshi, da suka tilasta a riƙa rubuta cikakken adireshi sai ɓatan ya tsaya. Da na karanta wannan, yatsu huɗun Kawu na tuna.

Akwai inda ɗan aiken na'ura ya fi mai famfo haɗari. Mai famfo yana da hanci da ido, yana da maƙwabcin gona da zai leƙo ya ce kai, wannan ya yi yawa. In ya yi kuskure gona ɗaya ce ta ƙone. Bayani ɗaya na kayan aikin na'ura kuwa dubban mutane yake yi wa aiki a sa'a ɗaya, kuma in ya bar gurbi, na'urar ta fi son ta cike shi da zato a kan ta tsaya ta tambaya. Sannan tana ɗaukar abin da aka rubuta a bayanin da gaske ƙwarai. A Afrilun 2025 wani kamfanin tsaron intanet mai suna Invariant Labs ya nuna cewa ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, wanda mai waya ba ya gani, na'urar ta karanta ta bi, har ta kwashi bayanan sirri ta aika. Mu da muka san yadda mai shago ke tura maganin da ya fi samun riba a kai, ba sai an yi mana dogon bayani ba kan abin da zai faru in mai sayar da kaya shi ne mai rubuta wa na'ura yaushe za ta ba da shawarar kayansa.

Akwai kuma inda aka samu sauƙi. Gwajin Daudawa sai da aka jira damina bayan damina. Na na'ura a yammaci ɗaya za a ba ta ɗaruruwan tambayoyi, a karanta abin da ta yi, a gyara layi, a sake. Saboda haka ba na karɓar uzurin duk wanda zai kawo wa manomanmu manhajar shawara a WhatsApp bai yi wannan gwaji ba. Abin da ke damuna shi ne gwaje-gwajen da ake alfahari da su an yi su ne da Turanci, kan tikitin jirgi da mayar da kayan kanti a Amurka. Ba su san mutumin da zai ce gonarsa ta famfo goma sha biyu ce ba, ko wanda ke auna iri da tiya, ko wanda zai aiko saƙon murya yana kiran magani da launin gorarsa.

Samaru ba nisa daga Danja in ka bi ta Hunƙuyi, kuma NAERLS da cibiyar binciken noma suna nan, da tsofaffin malaman gona na hukumar bunƙasa noma ta Katsina, KTARDA, da ke zaune a gida da ilimin shekara talatin a kansu. Su ya kamata a zaunar su tara tambayoyin kamar yadda suke fitowa daga bakin manoma a shagon magani da bakin fadama, su rubuta abin da ya kamata ɗan aike ya yi a kowace, sannan a sa kowace manhaja ta bi ta ciki kafin a sake ta. Daga cikin tambayoyin dole a sa ta mai lambun da zai ce motar Legas gobe da asuba za ta yi lodi, ya ga tsutsa a tumatirinsa yau, gwangwani nawa zai zuba a famfo. A gaban na'urar akwai kayan lissafin magani, zai kuma ba ta lamba nan take in ta kira shi. Abin da za a duba shi ne ko bayanin kayan ya gaya mata ta fara tambayar ranar tsinka, kuma in ranar ta yi kusa fiye da kwanakin jiran da maganin ke buƙata, kada ta yi lissafin, ta ce masa kada ya fesa wa abin da zai tsinka gobe.